Yadda Haske ke Sa Ƙwayoyin Kiristal Lanƙwasa, Tsalle da Ɗaga Kaya

Duk abin da ke motsi a cikin wayar hannu, batir yake jira. Ɗan injin da ke sa waya girgiza idan kira ya shigo, da wanda ke tura gilashin kyamara gaba da baya har hoto ya fito tas, kowanne sai an haɗa shi da lantarki. Amma akwai wasu 'yan ƙananan abubuwa da masana sinadarai ke sarrafawa a ɗakunan bincike waɗanda ba ruwansu da batir. Haske kawai ake haska musu, sai su lanƙwasa, ko su ƙara tsayi, ko su ɗaga abin da ya fi su nauyi ninki ɗaruruwa. Wasu ma tsalle suke yi kamar gugguru a cikin tukunya. Waɗannan abubuwa su ne ƙwayoyin kiristal masu tushen kabon, kuma labarinsu ya soma ne kusan shekara 190 da suka wuce.

Mene ne kiristal?

Wanda ya taɓa ƙura wa ƙwayar sukari ko ta gishiri ido zai ga tana da kusurwoyi da fuskoki masu santsi, kamar an yanka ta da reza. Hakan na faruwa ne saboda ƙananan ƙwayoyin da suka haɗa ta, waɗanda ake kira molikul, a jere suke cikin tsari guda mai maimaita kansa, kamar bulo a jikin katanga. Duk abu mai tauri da cikinsa ke da irin wannan tsari, sunansa kiristal.

Gishiri da kanwa da alif ma'adinai ne. Sukari da kafur da farasitamol kuwa an gina molikul ɗinsu ne a kan ƙwayoyin zarra na kabon, irin ginin da ake samu a jikin tsirrai da dabbobi. Wannan rukuni na biyu shi ne abin magana a nan. Bambancinsu da ma'adinai yana da muhimmanci. A cikin kiristal na kabon, kowane molikul yana da ƙarfi a karan kansa, amma abin da ke riƙe shi da maƙwabcinsa ba shi da ƙarfi sosai. Saboda haka akwai ɗan sarari na motsi, ko da yake ƙanƙani ne ƙwarai.

Abin da haske ke yi wa molikul

Haske yana zuwa ne a dunƙule-dunƙule, kuma kowane dunƙule yana ɗauke da ƙarfi gwargwadon launinsa. Ja shi ne mai rauni a cikin waɗanda ido ke gani, shuɗi ya fi shi ƙarfi, hasken UV da ido ba ya gani ya fi su duka. Ana auna shi da nanomita, kuma gwargwadon ƙanƙantar lambar, gwargwadon ƙarfin hasken. Ido yana ganin abin da ke tsakanin 400 zuwa 700. Fitilar da ake duba jabun kuɗi da ita tana ba da haske tsakanin 365 zuwa 395, kuma irin wannan haske ne masu bincike suka fi amfani da shi. Tocilan ɗin waya kusan ba ta fitar da UV, domin fitilar LED ɗinta tana farawa ne daga shuɗin haske na wajen 450.

Idan molikul ya haɗiye dunƙulen hasken da ya dace da shi, sai ƙarfin ya girgiza ɗaurin da ke tsakanin ƙwayoyin zarra. Wani ɗauri ya kwance, wani sabo ya ƙullu. A cikin ruwa wannan ba abin mamaki ba ne, domin molikul na yawo yadda suka ga dama, suna karo da juna ta kowace fuska. A cikin kiristal kuwa lamarin kamar motar haya ce da aka cika maƙil: fasinja zai iya miƙa hannu ya gaisa da wanda ke gefensa, amma ba zai iya tashi ya je kujerar baya ba. Wurin zaman kowane molikul shi ke yanke hukuncin abin da zai iya faruwa da shi.

Maganin tsutsar ciki da ya fashe a rana

A shekarar 1834 wani mai haɗa magunguna a Jamus, Hermann Trommsdorff, yana aiki da santonin, maganin tsutsar ciki da ake samu daga wani tsiro dangin tazargade. Ya lura cewa idan hasken rana ya taɓa fararen ƙwayoyin maganin sai su koma rawaya, daga nan su tarwatse. Ana lissafa wannan cikin bayanai na farko da aka rubuta kan yadda haske ke canza sinadari mai tushen kabon. A zamaninsa babu na'urar leƙa cikin kiristal, don haka dalilin fashewar ya daɗe a ɓoye. Sai a shekarar 2007 ne ƙungiyar Miguel Garcia-Garibay a Jami'ar Kalifoniya da ke Los Angeles ta bi matakan canjin da hoton X-ray, ta nuna yadda molikul ɗin santonin ke sake fasali a cikin kiristal ɗin mataki bayan mataki.

Dokar angistirom 4.2

Wanda ya kafa harsashin wannan fanni shi ne Gerhard Schmidt na Cibiyar Weizmann da ke Isra'ila. A shekarar 1964 shi da abokan aikinsa suka wallafa sakamakon bincikensu kan asid ɗin kirfa, wani farin sinadari da ake samu a kirfa da wasu tsirrai. Wani ɗan dangin wannan sinadari yana iya daskarewa ta hanyoyi uku, waɗanda aka raɗa wa suna alfa, beta da gama. Molikul ɗin iri ɗaya ne sak, jeren ne kawai ya bambanta.

A tsarin alfa, molikul biyu maƙwabta suna kwance ne kan wannan wajen ƙafar wancan. Idan aka haska musu UV sai su manne, su ba da sinadarin da ake kira turuksilik. A tsarin beta suna kwance kai da kai, kuma haske iri ɗaya yana ba da wani sinadari dabam, turuksinik. A tsarin gama kuwa, ko an kwana ana haskawa ba abin da ke faruwa.

Da aka auna da X-ray sai dalili ya fito. A tsakiyar kowane molikul akwai ƙwayoyin kabon biyu da ke ɗaure da juna ninki biyu. A alfa da beta, wannan wuri yana fuskantar na maƙwabcinsa a tazarar da ba ta wuce angistirom 4.2 ba. A gama tazarar ta kai 4.7 ko fiye. Angistirom 1 kashi ɗaya ne cikin biliyan 10 na mita, kuma kaurin silin gashin mutum ya kai angistirom dubu ɗari biyar ko fiye. Ke nan bambancin rabin angistirom ne ke raba tsakanin a yi da a fasa.

Daga nan Schmidt ya fitar da ƙa'idarsa: a cikin kiristal, canji yana faruwa ne da mafi ƙarancin motsi. Idan wuraren biyu suna fuskantar juna kuma tazararsu ba ta wuce 4.2 ba, akwai damar su haɗu. Daga baya an samu wasu kiristal da suka saɓa wa dokar, amma har yau ita ce ma'aunin farko da mai bincike ke dubawa. Mai rubuta manhaja zai gane lamarin nan take: abin da aka shigar iri ɗaya ne, umarni iri ɗaya ne, amma yadda aka jera bayanan ya canza sakamakon.

Me ya sa wani ke lanƙwasa, wani ke fashewa?

Kafin a haska, wuraren biyu na nesa da juna da kusan angistirom 4. Bayan sun haɗu, sai ƙwayoyin kabon huɗu su yi zobe mai kusurwa huɗu, tazarar ta koma wajen 1.6. Sabon molikul ɗin ba shi da siffar tsofaffin biyun, amma dole ya zauna a gurbinsu. Ga kuma maƙwabta ta kowane ɓangare. Idan haka ta faru ga biliyoyin molikul a lokaci guda, matsi yana taruwa a cikin kiristal, kuma dole ya nemi mafita.

Haske ba ya ratsa kiristal ɗin gaba ɗaya. Molikul ɗin da ke fuskar da aka haska su ke shanye mafi yawansa, don haka canjin yana tsayawa ne a 'yan mikiromita na sama. Fuska ɗaya ta tsuke ko ta buɗe, ɗayar tana nan yadda take. Wanda ya taɓa barin falankin katako a rana, gefe ɗaya ya bushe ɗaya na da danshi, ya san abin da ke biyo baya: katakon zai bankare. Irin wannan dabara ce ke cikin dutsen guga na lantarki, inda aka manne ƙarfe iri biyu, zafi ya sa ɗaya ya fi ɗaya miƙewa, sai su lanƙwasa su yanke wuta.

Idan kiristal siriri ne kamar gashi, zai lanƙwasa ya sauke matsin. Idan mai faɗi ne kamar zirin takarda, yana iya murɗewa. Idan kuwa mai kauri ne, ba shi da halin lanƙwasa, sai ya tsage, ko ya koma gari. Wannan ne ya sami santonin ɗin Trommsdorff.

A shekarar 1993 Volker Enkelmann da Gerhard Wegner a Jamus, tare da abokan aikinsu, suka nuna wata dabara. Maimakon hasken da sinadarin ke shanyewa da ƙarfi, sai suka yi amfani da wanda yake shanyewa kaɗan-kaɗan. Irin wannan haske yana shiga har tsakiya, canjin ya bazu daidai a ko'ina. Ta haka suka juya kiristal na asid ɗin kirfa zuwa sabon sinadari ba tare da ya farfashe ba. Amfanin wannan babba ne, domin kiristal da bai fashe ba ana iya ɗaukar hotonsa da X-ray a tsakiyar aiki, a ga inda kowace ƙwayar zarra ta matsa.

Kiristal ɗin Japan mai zuwa ya dawo

Asid ɗin kirfa idan ya haɗe, da wuya ya rabu. Abin da injiniya ke buƙata shi ne abu mai zuwa ya dawo, kamar makunnin fitila. A shekarar 1988 Masahiro Irie a Japan ya gabatar da wani dangin sinadarai da ake kira dayariletin. Molikul ɗinsa yana da hannuwa biyu a buɗe. Hasken UV yana sa hannuwan su haɗu su rufe zobe, sinadarin ya tashi daga marar launi zuwa ja ko shuɗi. Hasken da ido ke gani kuma yana buɗe zoben, launin ya ɓace. Abin da ya sa ya yi fice shi ne, idan aka ajiye shi a duhu yana zama a yanayin da aka bar shi, kuma wasu nau'o'insa na jure buɗewa da rufewa sau dubbai.

A shekarar 2007 Irie da Seiya Kobatake da abokan aikinsu suka wallafa a mujallar Nature cewa wannan canji yana sauya siffar kiristal ɗin baki ɗaya. Wani kiristal mai kusurwa huɗu, wanda kusurwoyinsa ke digiri 88 da 92, ya karkace zuwa 82 da 98, sannan ya koma yadda yake da aka haska masa hasken gani. Wani mai kama da sanda ya lanƙwasa cikin kusan mikirodaƙiƙa 25, wato ƙasa da kashi ɗaya cikin dubu na lokacin ƙiftawar ido. Sandar ta kuma ture wani ɗan ƙwallon zinariya da ya fi ta nauyi ninki 90.

Shekara uku bayan haka, a 2010, Masakazu Morimoto da Irie suka haɗa dayariletin da wani sinadari a kiristal guda, suka kafe gefe ɗaya, suka ɗora ƙwallon ƙarfe a ɗaya gefen. Da aka haska, kiristal ɗin ya ɗaga ƙwallayen da suka fi shi nauyi ninki 200 zuwa 600. Da a ce mutum mai kilo 60 zai yi ninki 200, da ya ɗaga buhun siminti 240 a tashi ɗaya. Sai dai a tuna cewa ƙananan abubuwa dama sun fi manya ɗaukar ninkin nauyinsu, kamar yadda ake gani a wajen tururuwa. Kiristal ɗin bai kai nauyin miligiram ɗaya ba.

A Amurka ma an yi irin wannan aiki. A 2006 ƙungiyar Christopher Bardeen a Jami'ar Kalifoniya da ke Riverside ta yi wasu siraran sanduna daga dangin antirasin, sinadarin da ake samu a kwaltar gawayin ƙasa. Da aka haska musu UV sai tsayinsu ya ƙaru da kashi 15 cikin 100 ba tare da sun karye ba, alhali manyan kiristal na sinadarin farfashewa suke yi.

Masu tsalle

Akwai kiristal da ba ya sakin matsi a hankali. Yana tara shi ne shiru, har ya kai wani mizani, sannan ya sake shi a lokaci guda. Panče Naumov na Jami'ar New York reshen Abu Dhabi ya yi nazarin wannan a 2013 da kyamara mai saurin ɗauka, a kan wani sinadari mai ƙarfen kobal. An ga ƙwayoyin suna tsalle zuwa nisan da ya ninka girmansu sau ɗaruruwa har dubbai. A 2014, tare da ƙungiyar Jagadese Vittal ta Jami'ar Ƙasa ta Singafo, suka nuna wasu kiristal da ke fashewa suna watsuwa kamar gugguru, kuma abin da ke tayar da su shi ne irin haɗewar nan ta kabon huɗu da Schmidt ya bayyana. Matsalar masu tsalle ita ce mafi yawansu sau ɗaya suke yi, domin a wajen tsallen suke karyewa.

Molikul mai aikin dillanci

To idan sinadari ya ƙi jeruwa a tazarar da ake so fa? A shekarar 2000 Leonard MacGillivray ya kawo mafita. Ya haɗa sinadarin da wani ƙaramin molikul mai suna rizosinol, wanda ke da hannuwa biyu. Kowane hannu yana kama molikul ɗaya, ya riƙe su fuska da fuska a ƙasa da angistirom 4.2. Ana haskawa su haɗu, sannan a wanke rizosinol ɗin a cire shi. Aikinsa na dillali ne: ya haɗa su, ya ja gefe. Da wannan dabara ƙungiyarsa ta gina molikul masu siffar tsani a 2004, waɗanda haɗa su a cikin ruwa ke da matuƙar wahala. Kuma tun da haɗewar na faruwa ne a busasshen kiristal, ana rage amfani da ruwan sinadarai masu guba da ake narkar da abubuwa a ciki.

Inda ilimin ya riga ya shiga aiki

A shekarar 1969 Gerhard Wegner ya bayyana yadda wani dangi mai suna dayasetilin ke haɗewa a cikin kiristal. Nan ba biyu-biyu suke mannewa ba: kowane molikul yana kama na gaba da shi, har su zama doguwar sarƙa mai launin shuɗi ko ja. Asibitocin da ke gasa cutar daji suna amfani da wani fim mai suna Gafchromic da ke ɗauke da ƙananan kiristal na wannan dangi. Gwargwadon yawan hasken X-ray da ya faɗa kansa, gwargwadon duhun da yake yi, ba tare da an wanke shi ba. Da shi ake tabbatar da cewa na'ura na ba da adadin da likita ya rubuta, a daidai wurin da ya nufa.

Zafi ma yana tayar da wannan haɗewa. Duk wanda ya duba kwalbar rigakafin shan-inna zai ga wani ɗan da'ira mai murabba'i a tsakiya. Murabba'in yana ɗauke da sinadarin wannan dangi, yana kuma yin duhu a hankali gwargwadon zafin da kwalbar ta sha. Idan ya kai duhun da'irar ko ya wuce, ma'aikacin lafiya ya san ba a amfani da maganin. An fara manna wannan alama a rigakafin shan-inna a 1996, kuma ta yi aiki sosai a wuraren da wutar lantarki ba ta tsayawa.

Ita kuwa haɗewar asid ɗin kirfa, ta shiga tarihin kayan lantarki ta wata ƙofa. A shekarun 1950 kamfanin Kodak ya fitar da wani ruwan roba mai ɗauke da wannan sinadari. Ana shafa shi a kan allo, a haska ta cikin zane, inda haske ya taɓa ya taurare, sauran a wanke. Da irinsa aka riƙa zana layukan tagulla a allunan lantarki na farko-farko. A nan sinadarin a cikin roba yake, ba a kiristal ba, amma haɗewar ɗaya ce. Ita ce kuma ke faruwa a fatar mutum idan UV na rana ya manne wasu sassa biyu maƙwabta a jikin DNA, abin da jiki ke faman gyarawa kullum.

Yaushe zai iso cikin waya?

Har yanzu babu wata waya a kasuwa da ke amfani da kiristal mai motsi da haske. Abin da ake hange shi ne ƙananan makunnai da ba sa buƙatar igiyar lantarki, da 'yan hannuwa masu ɗaukar abin da ido ba ya gani, da ƙofofin da ke buɗe magani a cikin jiki idan an haska. Akwai kuma batun ajiyar bayanai: buɗaɗɗen molikul ya zama 0, rufaffe ya zama 1, kuma ba ya buƙatar wuta kafin ya riƙe abin da aka rubuta.

Cikas ɗin a fili suke. Na farko, hasken da ake karanta bayanin da shi yana iya goge shi, don haka sai an nemo hanyar karatu da ba ta taɓa molikul ɗin. Na biyu, ƙarfin hasken da ke komawa motsi bai kai kashi 1 cikin 100 ba a mafi yawan gwaje-gwaje, alhali farantin sola na yau yana juya wajen kashi 20 zuwa lantarki. Na uku, girma: da zarar kiristal ya yi kauri, haske ba ya shiga, tsagewa ta biyo baya. Shi ya sa masu bincike ke gwada shuka dubban ƙananan kiristal a cikin roba mai laushi, a jere fuska ɗaya, domin su ja tare. Na huɗu, gajiya: sau dubu abin yabo ne a ɗakin bincike, amma makunnin da ke cikin waya ana sa ran ya yi aiki sau ɗaruruwan dubbai.

Abin lura a gida

Akwai ɓangaren wannan ilimi da ya shafi kowa tun yanzu. Mafi yawan ƙwayoyin magani kiristal ne masu tushen kabon da aka danne wuri guda, kuma wasunsu haske na lalata su ko da a bushe suke. Nifedifin, maganin hawan jini, sananne ne a kan haka, shi ya sa ake lulluɓe ƙwayarsa da rufi mai tare haske. Kwalaben magani masu launin ruwan ƙasa da fakiti masu bayan azurfa duk saboda wannan aka yi su. Maganin da aka ɓare daga fakitinsa aka zuba a farar leda, ko wanda ya wuni a faranti a rana, yana iya rasa ƙarfinsa tun kafin ranar da aka rubuta a jikinsa ta cika, kuma ba lallai ne ido ya ga alamar ba. Abin da ya fi shi ne a bar magani a cikin fakitinsa na asali, a ajiye shi a inuwa mai sanyi, a kuma saya a wurin da ke yin haka.